Bakin Teku ko Tudu: Ina Za a Sauke Iyali a Legas?



Yau da magidanta nake, musamman waɗanda neman abinci ya kai su Legas suka bar iyali a gida, yanzu kuma suka ga zaman gwauranci ya ishe su, suna son ɗauko mata da yara. Irin waɗannan mutane sun ƙaru a 'yan shekarun nan. A watan Janairun 2023 aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki, a watan Mayun 2023 kuma aka ƙaddamar da matatar man Dangote a Ibeju-Lekki, mai iya tace ganga 650,000 a rana. Ga ma'aikatan banki da na kwastan da ake yi wa canjin wurin aiki, ga 'yan canji, ga masu harkar tireloli. Duk wanda ya zo ɗauko iyali sai ya tsinci kansa tsakanin shawara biyu. Abokan aiki su ce masa, "Ka nufi Ajah ko Sangotedo, can ne garin yake tafiya, gidaje sababbi, ga iskar teku." 'Yan'uwa na kasuwa kuma su ce, "Alhaji, me ya kai ka cikin ruwa? Ka zo Agege cikin jama'arka."

Abin da na lura shi ne, kusan kullum maigida shi kaɗai yake yanke wannan hukunci, da ma'aunin kansa: nisan gida da ofis, da kuma yadda sunan unguwar zai zauna a baki in an tambaye shi ina yake zaune. Alhali shi ne wanda ya fi kowa ƙarancin zama a gidan. Ya fita da duhu, ya dawo da duhu. Uwargida da yara su ne za su wuni da ruwan gidan, da kwatar ƙofar gidan, da maƙwabtan gidan. To bari mu duba unguwannin nan da idon wanda zai wuni a ciki.

Duk yankin da ake kira Lekki, daga ƙarshen Victoria Island har ka doshi Epe, ziri ne na yashi da fadama. Tekun Atlantika na kudu da shi, babban tafkin Legas na arewa da shi, ƙasar kuma ba ta ɗara ruwan da ya kewaye ta da wani abin kirki ba. Unguwanni da yawa da ake gani yau ciko ne, an tsotso yashi daga gindin tafki an zuba a kan fadama an yanka filaye. Ikeja kuwa tana kusan mita 40 sama da teku, Agege ma kan tudu take, jar ƙasa ce mai tauri. Ruwan sama a Legas ya kai ninki biyu na wanda ake samu a Kano, kuma damina biyu ake yi: babba daga Afrilu zuwa Yuli, a ɗan tsagaita a Agusta, sannan ta dawo a Satumba da Oktoba. Ruwan da ya sauka a Agege yana da gangaren da zai bi. Wanda ya sauka a Agungi ko Ajah sai ya jira tafki ya ba shi hanya, in kuwa aka yi sa'a teku ta cika a wannan lokacin, to ruwan kwata ma baya yake dawowa. Mutanen Legas ba su manta da ruwan 10 ga Yulin 2011 ba, ko na Yulin 2017 da ya mayar da titunan Lekki da Victoria Island kogi, ko na 3 ga Yulin 2024 da aka wuni ana sheƙawa har motoci suka nutse a kan manyan hanyoyi. Ku lura da watan: Yuli, Yuli, Yuli.

Shi ya sa dillalan gidaje suka fi son baƙo ya zo a Disamba ko Janairu. Duba gida a Lekki da rani kamar zaɓen mata ne ranar Sallah, kowa ta ci kwalliya. Titi a bushe, fenti sabo, iska na kaɗawa. In dole ce ta sa ka duba da rani, Malam, kar ka tsaya kallon tayil ɗin falo da fitilun silin. Fita waje ka dubi katangar maƙwabci, wadda ba a sake wa fenti ba. Za ka ga wani layi baƙi-baƙi ko kore ya bi ta a miƙe, wani wuri daidai ƙauri, wani wuri daidai gwiwa. Nan ruwa ya tsaya bara. Dubi bakin ƙofar ɗaki: in ka ga an ɗora bulo ɗaya ko biyu an shafe da siminti har sai ka ɗaga ƙafa kafin ka shiga, ba ado ba ne. Leƙa shagon mai kayan masarufi na kan kwana, ka ga ko firjinsa a ƙasa yake ko a kan benci. Sannan ka sayi lemo ka zauna ka yi hira da maigadin layin. Da yawa daga masu gadin Lekki namu ne, daga Sakkwato ko Zamfara ko Nijar, kuma ba su da kamasho a cinikin. In ka ce masa, "Ɗan'uwa, tsakani da Allah, yaya layin nan yake da damina?" zai gaya maka har ranar da aka fitar da yaran gidan sama a kan bayan mutane.

Amma ambaliya tana zuwa ta wuce. Abin da ba ya wucewa shi ne ruwan sha, kuma a nan ne nake ganin magidanta suka fi yin sakaci. Ruwan famfon gwamnati ba ya kaiwa ga mafi yawan mutanen Legas, kowa rijiyar burtsatse yake haƙawa. A kan tudu, in an haƙa da kyau, sau da yawa ana samun ruwa garau. A yankin Lekki da Ajah kuwa, gidaje da yawa ruwansu ko dai da ɗanɗanon gishiri, ko da sinadarin ƙarfe, ko da warin fadama. Yana fitowa daga famfo fari tas, ka tara a bokiti ka bar shi ya kwana, da safe ka tarar ya koma ruwan ɗorawa, wani lokaci har da jan laka a gindi. Uwargida ta wanke farar shaddar Juma'a sau biyu, ta koma kalar ƙasa. Tayil ɗin banɗaki ya yi ja, butar alwala ta yi ja. Daga nan sai a shiga sayen ruwan tanka na wanka da wanki, da na gora na sha da girki, ko a sa injin tace ruwa mai cin wuta da magani duk wata. Wannan kuɗi ba ya cikin takardar haya, kuma dillali ba zai ambace shi ba. Ka tafi duba gida da gorar roba babu komai a ciki, ka ɗebi ruwan famfon ka kai masauki ka ajiye. Gobe da safe ka duba.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa a rediyo, amma dole a faɗa. Inda ruwan ƙasa yake kusa, ramin masai ba ya tsotsewa, kuma in ƙasa ta jiƙe shi da rijiya sukan gaisa. Lokacin da kwalara ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, ƙaramar hukumar Eti-Osa, inda Lekki da Ajah suke, tana cikin wuraren da cutar ta fi kamari, tare da Tsibirin Legas da Kosofe. Tsadar unguwa ba ta hana wannan ba.

Gishirin iska kuma yana nasa aikin a ɓoye. Ƙofar ƙarfe, kwanon rufi, janareta, na'urar sanyaya ɗaki, ƙasan mota, duk tsatsa na cin su da wuri in gida na kusa da teku. Kayan da ke cikin akwati su yi fumfuna, takalmin fata ya yi kore. Wanda ya taso a Katsina, inda ake shanya riga ta bushe kafin a idar da sallar la'asar, sai ya yi haƙuri.

Ita teku kanta, ba ta zauna wuri ɗaya ba. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen katangun dutse a bakin mashigar tashar Legas don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. Katangun sun yi aikinsu, sai dai sun tare yashin da igiyar ruwa ke turowa daga yamma zuwa gabas, wanda shi ne ke cike abin da teku ta ɗebe. Tun daga lokacin gaɓar Bar Beach da ke Victoria Island ta riƙa zaizayewa, har ta kai ruwa na hawa titin Ahmadu Bello. Maganin da aka yi shi ne Eko Atlantic, sabon gari a kan ciko, da katangar dutse mai tsawon fiye da kilomita 8. Victoria Island ta samu sauƙi. Amma ƙauyukan da ke gabas, irin su Okun Alfa, sun ga teku ta cinye musu hanya da gidaje da itatuwan kwakwa, kuma mazauna wurin suna zargin cewa matsalar ce aka turo musu. Ko zarginsu gaskiya ne ko a'a, wanda aka ce wa "ga fili mai araha, kana jin ƙarar teku daga ɗakinka" ya kamata ya tambayi inda bakin ruwan yake shekara goma da suka wuce.

In teku ta bar ka, ba lallai gwamnati ta bar ka ba. Bakin ruwa a Legas wuri ne da idon manya yake kai. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe Maroko, aka ƙiyasta mutum 300,000 suka rasa matsuguni, yau kuma wurin yana cikin filaye mafi tsada a ƙasar nan. An kori mutanen Otodo Gbame a 2016 da 2017, na Tarkwa Bay a Janairun 2020. A 2024 da aka fara aikin babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, rusau bai tsaya kan talakawa ba, har wuraren shaƙatawa na masu kuɗi ya taɓa. Saboda haka mai niyyar sayen fili a wannan yanki, ba haya ba, ya nemi lauya da safiyo nasa na kansa, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, kuma ya san zai haɗu da waɗanda Yarabawa ke kira omo onile, masu cewa ƙasar ta kakanninsu ce, a biya su kafin a sauke yashi, a biya su kafin a ɗora rufi. Ginin ma ya fi tsada, don harsashin da zai riƙe gida a jar ƙasar Agege ba zai riƙe shi a fadama ba.

Kar mai sauraro ya ce na zo ne in kushe bakin teku in yabi Agege. Agege ba aljanna ba ce. Cunkoso, hayaniya, gidajen haya masu ɗaki yana kallon ɗaki da banɗaki ɗaya na mutum ashirin, kwatoci cike da leda, ga warin mayankar Oko-Oba in iska ta juyo. Kuma nesa da teku ba shi ne nesa da ruwa ba. Kogin Ogun yana shigowa Legas ta arewa, kuma duk shekarar da madatsar ruwa ta Oyan da ke kusa da Abeokuta ta cika aka saki ruwa, wajen Satumba da Oktoba, unguwannin Isheri da Kara da Agiliti da Owode Onirin da Ajegunlen hanyar Ikorodu sukan sha ruwa ko da ba a yi ɗigon ruwan sama a kansu ba. Ɗan kasuwar Mile 12 da ya samu ɗaki mai arha a Agiliti don kusa da rumfa, ya san abin da nake nufi. Akwai bututun mai da ya ratsa wasu unguwannin, kuma wanda ya ga gobarar Abule Egba ta 26 ga Disamban 2006 ba zai kama gida kusa da shi ba. Sannan gaskiya ce mai ɗaci, amma in rikicin ƙabilanci ya tashi a Legas, a unguwannin da muke da yawa yake tashi: Idi-Araba a Fabrairun 2002, Mile 12 a Maris ɗin 2016. Wanda ya ce ya fi son ya saka iyalinsa a rukunin gidaje mai ƙofa da maigadi, inda ba wanda ya san daga ina ya fito, ban ga laifinsa ba.

Sai dai a nan ne nake so a tambayi uwargida. A ɗauko mace daga Zariya ko Gusau, inda ko atishawa ta yi wata maƙwabciya za ta leƙo, a kai ta bene hawa na biyu a wani rukunin gidaje bayan Sangotedo. Maƙwabta sun fita tun asuba. Ba ta jin Yarabanci, Turancinta na makaranta ne ba na kasuwa ba. Daga gidan zuwa babban titi tafiya ce mai nisa, kuma tun 1 ga Yunin 2022 an hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida har da Eti-Osa. Ba ta jin kiran salla sai a waya. In yaro ya yi zazzaɓi da tsakar rana, maigida yana can bayan cunkoson sa'a biyu. In ta haihu, wa zai dafa mata ruwan wanka, wa zai dama kunun kanwa, wa zai zo suna? Na san gidajen da aka kashe miliyoyi aka ƙawata, bayan 'yan watanni Hajiya ta ce za ta je ganin gida, daga nan ba ta sake dawowa ba sai da hutun yara. Aka koma gidan jiya, ga kuma hayar shekara an riga an biya.

A Agege kuwa Hausawa sun fi shekara ɗari, tun zamanin fataucin goro, kuma zangon ya ƙara cika bayan da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912. Akwai Sarkin Hausawa, akwai masallatan Juma'a da ake fassara huɗuba da Hausa, akwai makarantun allo da Islamiyya a lungu-lungu, ga Markaz ta Shehu Adamu al-Ilori tana nan tun shekarun 1950. Mai masa tana nan, mai fura tana nan, kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya ba sai an aiko daga gida ba. Motar Kano da ta Sakkwato suna lodi a kusa, saƙo yana zuwa yana komawa. In aka yi rasuwa, kafin azahar an samu masu wanka da masu salla. Waɗannan abubuwa ba a rubuta su a tallan gida, amma su ne ke sa mace ta zauna. Ba na cewa babu Musulmi ko masallatai a Lekki, akwai su, har da babban masallaci a Lekki Phase 1, kuma duk inda aka yi kasuwa a hanyar Ajah za ka samu namu. Sai dai a warwatse suke, sai an nema, sai kuma da mota.

Maganar mota ta kawo mu kan hanya. Yankin Lekki kusan hanya ɗaya ce ke ɗauke da shi, wato titin Lekki zuwa Epe, kuma yanzu tankoki da tirelolin matata da na tashar ruwa sun ƙaru a kanta. Mai zama a Ajah yana aiki a Victoria Island ko Marina yakan fita kafin asuba, ya yi salla a gidan mai ko a harabar ofis. Mai zama a Agege yana aiki a can ɗin ma bai tsira ba, sai ya bi Gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12. Amma shi yana da zaɓi: akwai motocin BRT daga Abule Egba zuwa Oshodi, akwai jirgin ƙasa na Jan Layi daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024 kuma yana tsayawa a Agege da Ikeja, ga gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta rage wahalar tsallaka layin dogo. Filin jirgin sama ma yana Ikeja. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kowace sa'a da mota ta yi tana huci a cunkoso kuɗin cefane ne take ƙonawa.

To amma wanda aikinsa yake matata ko tashar ruwa ta Lekki, kar ma ya fara tunanin Agege. Zai ƙare rayuwarsa a kan titi, yaransa su riƙa ganinsa ranar Lahadi kaɗai. Shi nasa zaɓin yana tsakanin unguwannin can ne, kuma ko a can ɗin ƙasa ba ɗaya ba ce. Garin Epe yana da tudu, tsohon gari ne mai Musulmi da yawa da babbar kasuwar kifi, kuma daga nan ana iya fita ta Ijebu-Ode a kama hanyar arewa ba tare da an ratsa tsakiyar Legas ba. Ban ga dalilin da zai sa mai aiki a Ibeju-Lekki ya tsallake Epe bai duba ba, ya je ya cusa kansa a Ajah don suna.

Ra'ayina ke nan, kuma ba na ɓoye shi: iyalin da suka fito daga arewa karo na farko, masu ƙananan yara, in aikin maigida bai ɗaure shi a gabashin Lekki ba, su fara sauka a tudu. Ba lallai cikin tsakiyar zango ba. Akwai Ogba, akwai Iju, akwai Oko-Oba ta ɓangaren rukunin gidaje, akwai Ikeja ga mai hali, inda za a samu natsuwa kuma keke ɗaya zai kai uwargida cikin 'yan'uwa. A kama haya, kar a yi gaggawar saye. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, in ban da Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA da dokar ta ware. Masu gida da yawa suna take ta, su ce sai shekara biyu, ga kuɗin dillali ga na lauya a kai. Ka tsaya kan shekara ɗaya ko da za ka rasa gidan, don damina biyu na shekarar farko su ne za su nuna maka unguwar. In kuma bakin tekun zuciya ta nace, to a zo da Hajiya a watan Yuni ko Yuli, a je duba gidan washegarin ruwa mai ƙarfi, a ajiye mota a babban titi a taka da ƙafa har ƙofar gidan, ta hanyar da yara za su bi zuwa makaranta. Ita ta buɗe famfon kicin da hannunta, ita ta tambayi matar maƙwabci nawa suke sayen tanka a wata.